Kwana Tara a Yala

Abu na farko da ƙasar Nepal ta koya mini shi ne sunkuyawa. Ƙofar gidan da na sauka ba ta kai tsayina ba, ni kuwa na tunkare ta da jaka a hannu ina waige-waigen sassaƙen da ke jikin tagogi. Ban ankara ba goshina ya gamu da katakon saman ƙofar, sai da wuta ta ɗauke mini. Daga can bene na ji wata tsohuwa ta tuntsire da dariya, ta faɗi wata magana. Abokina ya fassara mini: wai an yi ƙofar haka ne don duk wanda zai shigo ya fara gaida gidan.

Abokin nan nawa mun yi karatu tare a Indiya shekarun baya, ɗakinmu ɗaya har shekara biyu. Ya daɗe yana cewa in zo in ga sabuwar shekararsu, ni kuma ina ta kawo uzuri. Uzurin ma na gaskiya ne, don mai fasfon Nijeriya ba ya cikin waɗanda ake buga wa biza a filin jirgin Katmandu, dole sai ka samo ta tun kafin ka bar gida. Da Allah ya nufa, a ƙarshen Oktoban 2024 na bi ta Doha na sauka. Na gyara agogona da awa huɗu da minti arba'in da biyar, wani irin lissafin lokaci da ban taɓa cin karo da shi ba.

A taswira sunan garin Patan, a takardun gwamnati Lalitpur. Amma tun a mota abokina ya ce mini mutanen garin Yala suke kiransa, kamar yadda suke kiran Katmandu Yen, Baktapur kuma Khwopa. Waɗannan birane uku su ne zuciyar kwarin Katmandu, kuma 'yan asalin kwarin su ne Newar, ko Newa a bakinsu. Wasunsu addinin Hindu suke bi, wasu na Buddha, sau da yawa ma wurin bauta ɗaya suke haɗuwa. Abin da ya ɗaure su wuri guda shi ne harshe da gari da biki.

Gidan hawa huɗu ne, na jan bulo da katako, a cikin wani tsakar gida da gidaje kusan goma suka zagaye. Ƙasa wurin ajiya ne da maƙerar mahaifin abokina, don su zuriyar maƙeran tagulla ne. Hawa na biyu ɗakunan kwana, na uku wurin zama, madafa kuwa can ƙololuwa take, ƙarƙashin rufi. A wajenmu madafa na ƙasa a gefen tsakar gida. Su sun kai ta sama inda baƙo ba ya isa sai an gayyace shi. Tsanin da ake hawa a tsaye yake ƙyam, amma tsohuwar nan da ta yi mini dariya, wadda kowa ke kira Aji, wato kaka, tana hawansa tana sauka kamar yarinya, alhali ta haura tamanin.

Tun daren farko na lura da abin da ya zame mini abin tunani har na bar ƙasar. Muna zaune a ƙasa a jere, an zuba mana baji, wato shinkafar da aka daka ta baje ta bushe, da wo, wani abu na markaɗaɗɗen wake mai kama da ƙosai amma a shimfiɗe. Aji ta juya wajen 'yar abokina, yarinya 'yar shekara goma sha ɗaya, ta yi mata tambaya. Yarinyar ta amsa nan take. Ko ni da ba na jin ko ɗaya, kunnena ya gaya mini cewa tambayar da amsar ba harshe ɗaya ba ne. Na kakar gajerun gaɓoɓi ne masu fita ta hanci, na jikar kuwa ya yi mini kama da Hindin da na saba ji a Indiya. Haka suka yi ta hira, ba wanda ya ga wani abin mamaki. Kaka na magana da Nepal Bhasa, jika na mayar mata da Nepali.

Sunayen biyu suna rikita baƙo, kuma rikicin yana da tarihi. A da, in an ce Nepal, wannan kwarin kaɗai ake nufi, don haka harshen mutanensa shi ne Nepal Bhasa, harshen Nepal. Dangin harsunan Tibet da ƙasar Bama, wato Myanmar, ne. Wanda ake kira Nepali a yau kuwa ɗan'uwan Hindi ne, da Gorkhali ko Khas Kura ake ce masa, ya shigo kwarin da ƙarfin sarauta lokacin da sarkin Gorkha, Prithvi Narayan Shah, ya ci Katmandu da Patan a 1768, ya ƙarasa Baktapur a 1769, ya kawo ƙarshen sarakunan Malla. Daga baya harshen masu nasara ya ɗauki sunan ƙasar, na 'yan gida aka bar shi da laƙabin Newari. Na yi kuskuren faɗin wannan laƙabi sau ɗaya a gaban mahaifin abokina. Bai yi fushi ba, ya dai ajiye gudumarsa ya maimaita mini sunan na gaskiya a hankali, yadda ake yi wa yaro a makarantar allo. Tun 1995 gwamnati ta yarda a riƙa cewa Nepal Bhasa, amma har yau baki bai gama sabawa ba.

Na so in burge Aji, sai na roƙi yarinyar ta koya mini 'yan kalmomi. Jwajalapa, gaisuwa ke nan. Subhay, godiya. Pasa, aboki. Kashegari da rana ƙishi ya kama ni, na ce wa Aji ina son la. Ta zuba mini ido, ta kira jikanta, aka yi ta 'yar muhawara. Ashe ruwa da nama a harshen bambancinsu ɗan siririn sauyin wasali ne, ni kuma nama na roƙa, bayan abokina ya gama ja mata kunne cewa baƙon nan Musulmi ne, kada a ba shi naman ɓaunar da suke ci, kada kuma a miƙa masa aila, barasar da suke dafawa a gida. Wanda ya taɓa jin Bature na fama da fari da fari, na launi da na rashin ruwan sama, ya san irin dariyar da aka yi mini.

Da sassafe nakan fita ni kaɗai bayan na yi sallah. Minti biyar ke kai ni dandalin tsohuwar fadar Patan, kafin masu yawon buɗe ido su farka. A gefen dandalin akwai wani rami mai faɗi da aka gina da dutse, ana sauka cikinsa ta matakala, a ƙasa kuma indararo uku na dutse, an sassaƙa bakinsu da siffar wata dabba mai kama da kada. Sunansa Manga Hiti, kuma tun shekarar 570 yake nan. Ruwan ba ya zuwa da ƙarfi, amma yana zuwa, mata na jere da tuluna na tagulla da jarkoki na roba. Babu inji, babu famfo. Magabata ne suka haƙa magudanai daga gindin duwatsu zuwa tafkunan gari, ruwan ya tsuma cikin ƙasa, ya fito ta bakin dutsen. Da yawa daga irin waɗannan hiti sun ƙafe, saboda tushen sababbin benaye da rijiyoyin burtsatse sun yanke musu hanya.

Na tambayi mahaifin abokina wa ke kula da wanda ya rage. Amsarsa kalma ɗaya ce: guthi. A kan wannan kalma muka kwashe yamma guda a maƙera, yana goge wani ƙaramin mutum-mutumi, ɗansa na fassara. Abin da ya fi kusa da guthi a wajenmu shi ne waƙafi, amma waƙafin da aka haɗa shi da gayya da kuma zumuntar unguwa. Mai hali zai gina hiti ko rumfar hutawa ko wurin bauta, sai ya ware gona ya ce amfaninta na wannan gini ne har abada. Daga gonar ake sayen man fitila, a gyara rufi, a biya makaɗa, a dafa abincin biki. Mutanen da aka ɗora wa amanar su ne 'yan guthi, ɗa yana gadon ubansa. Akwai ranar da aka ware kafin faɗuwar damina, Sithi Nakha, da ake yashe rijiyoyi da hiti. Akwai kuma si guthi, ta mutuwa: in aka yi rasuwa, 'yan ƙungiyar ne ke ɗaukar gawa su yi duk abin da ya kamata, wanda ya ƙi zuwa ba dalili a ci shi tara. Ya ce mutum zai iya barin gari, ya bar sana'ar gidansu, amma ba ya barin si guthi, don ba wanda ke son ya mutu a rasa mai ɗaukarsa.

A 1964 gwamnati ta kafa wata hukuma, Guthi Sansthan, ta karɓi ragamar manyan guthi. Filaye da yawa sun salwanta tun daga nan, birni ya cinye gonaki, kuɗin da ke isa hannun masu biki ya tsuke. A 2019 aka kawo wani ƙudurin doka da zai ƙara miƙa sauran ga hukuma. A watan Yunin shekarar dubban mutane suka cika dandalin Maitighar a Katmandu da ganguna da tutoci, kuma gwamnati ta janye ƙudurin. Tsohon ya ce shi da ya rabu da zanga-zanga tun yana saurayi, ranar sai da ya fita. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne wata magana da ya yi a ƙarshe ba tare da ya ɗauke ta da nauyi ba: taron guthi da Nepal Bhasa ake yinsa, sunayen kayan aiki da na abinci da na matakan kowace hidima duk a harshen suke, kuma yawancinsu ba su da takwara a Nepali. Ya ce samari na zuwa taron, suna cin abinci, amma in an zo lissafi sai su yi shiru.

Ranar Talata muka tsallaka kogin Bagmati zuwa Katmandu. Muka ratsa kasuwar Asan, inda hanyoyi shida suka haɗu, ga gishiri da busasshen kifi da kayan yaji da babura ba masaka tsinke. Daga nan ne a da fataken Newar ke ɗaura kaya zuwa Lhasa ta ƙasar Tibet, su yi shekaru a can, fataucin da yaƙin Sin da Indiya na 1962 ya rufe ƙofarsa. Inda muka nufa wani gida ne a lungu, Asa Saphu Kuthi, ma'ajiyar tsofaffin littattafan hannu da aka buɗe a 1987. Tushenta tarin wani marubuci ne, Prem Bahadur Kansakar, wanda ya yi ta sayen littattafai da kuɗin aljihunsa don kada a fitar da su waje, ya kuma sa wa wurin sunan mahaifinsa. Akwai rubuce-rubuce sama da 6,000 a ciki. An nuna mini irin wanda ake kira thyasaphu, doguwar takarda mai kauri da ake naɗewa ninki-ninki, an shafe ta da wani rawayan sinadari don kada ƙwari su ci. An kuma nuna mini takardun cinikin fili da aka rubuta a ganyen giginya, a nannaɗe kamar ƙaramin gammo, da hatimin yumɓu a jiki. Magani, taurari, lissafi, wasan kwaikwayo, dokokin gini, tarihin sarakuna, duk akwai. Warin wurin ya tuna mini da gafakar kakana.

Abokina, wanda ya yi digiri biyu, ya tsaya a kan wani shafi ya kasa karanta ko layi ɗaya. Harshen nasa ne, haruffan ne ba a koya masa ba. Nepal Bhasa na da nasa rubutun, har kala-kala: Prachalit na yau da kullum, Bhujimol mai lanƙwasassun kawuna, da Ranjana mai kauri da ado, wanda ya bi addinin Buddha har Tibet da Sin, ana ganinsa a jikin wuraren bautarsu. Zamanin mulkin gidan Rana, daga 1846 zuwa 1951, aka danne su. A 1906 aka daina karɓar takardar da aka rubuta da harshen a kotu, wanda ke nufin takardar gonarka ta zama banza in ba da harshen masu mulki take ba. Masu rubutu suka koma haruffan Devanagari da ake rubuta Nepali da Hindi da su, wasu suka tafi Kalkata suna buga littattafai da mujallu a can, ana shigo da su a ɓoye.

Ba nisa da ma'ajiyar akwai gidan mawaƙi Chittadhar Hridaya, wanda yanzu gidan tarihi ne. A 1941 aka yanke masa ɗaurin shekara shida saboda waƙar da ya yi wa mahaifiyarsa, ya sa hannu a ƙasa da laƙabin ɗan da ba shi da uwa. Hukuma ta ce habaici ne, wai yana nufin an raba mutanensa da harshen uwa. A kurkukun ya rubuta Sugata Saurabha, doguwar waƙa mai babi 19 kan rayuwar Buddha, a kan guntayen takardu, 'yar'uwarsa Moti Laxmi tana fitar da su a ɓoye cikin kwanon abincin da take kai masa. An buga littafin a Kalkata a 1949. Na tsaya ina kallon ɗan ƙaramin ɗakin da ya zauna bayan fitowarsa, na ce a raina, gwamnatin da ta ɗaure mutum kan waƙar uwa ta fi kowa sanin darajar harshen.

Faɗuwar Rana ba ta kawo ƙarshen abin ba. Zamanin Panchayat, mulkin sarki ba tare da jam'iyyu ba, daga 1960 zuwa 1990, aka zo da aƙidar ƙasa ɗaya harshe ɗaya. A 1965 gidan rediyon ƙasa ya daina karanta labarai da Nepal Bhasa. Ko bayan dawowar siyasar jam'iyyu, da hukumar birnin Katmandu ta fara amfani da harshen a ofisoshinta, Kotun Ƙoli ta hana a ranar 1 ga Yuni 1999, ranar da har yau masu fafutuka ke kira baƙar rana. Abokina ɗan wancan zamanin ne. Ya ce a makarantarsu akan yi wa yaro dariya in lafazin gida ya fito a Nepalinsa, shi kuma ya sha wannan dariyar har ya ƙoshi.

Baktapur kwana ɗaya na yi mata, kuma ba zan daɗe a kanta ba, don duk wanda ya je Nepal ya ba da labarinta. Na ga Nyatapola, wurin bauta mai rufi biyar, wanda sarki Bhupatindra Malla ya gina a 1702, girgizar ƙasa ta 1934 da ta 2015 duk suka bar shi a tsaye. Na sha juju dhau, kindirmon nonon ɓauna da ake kafawa a kasko, har kasko biyu. Abin da na riƙe dai shi ne a can yara ƙanana na faɗa da juna a lungu da Nepal Bhasa, abin da ban ji a unguwarmu ta Yala ba sai jefi-jefi. Abokina ya ce lafazinsu daban ne, su mutanen Yala har tsokanarsu suke yi a kai.

Ranar Juma'a na tafi masallacin da ke kusa da hasumiyar agogo a Katmandu. Musulmi tsiraru ne a nan, amma tsofaffin baƙi ne, tun zamanin sarki Ratna Malla fataken Kashmir suka zauna a garin. Bayan an sallame na zagaya Rani Pokhari, tafkin da sarki Pratap Malla ya haƙa a 1670. Bayan girgizar ƙasar 25 ga Afrilu 2015, wadda ta kashe mutum kusan 9,000, an fara gyaran tafkin da kankare, sai mutanen gari suka tashi tsaye har aka fasa, aka koma baƙin yumɓu da bulo yadda magabata suka yi. Haka labarin Kasthamandap, katafariyar rumfar katakon da Katmandu ta samo sunanta daga gare ta, wadda su ke kira Maru Sata. Ta rufta ranar girgizar ana tsakiyar karɓar gudummawar jini a cikinta. An sake tayar da ita da katako da bulo da kwaɓin ƙasa, aka buɗe a 2022. Na zauna a dakalinta na jima. Masassaƙan da suka mayar da ita sun iya ne domin iyayensu sun nuna musu, da baki, a wurin aiki. Baƙo na zuwa ya ɗauki hoton ginin ya tafi yana cewa an ceto gado. Ni dai tunanina na can hawa na huɗu, wurin tambaya da amsar da ba su haɗu a harshe ɗaya ba, ɓarnar da ba ta da ƙara, ba kuma wata ƙasar waje da za ta aiko da agaji a kanta.

Ba wai an naɗe hannu ba ne. Tun 1991 akwai makarantar Jagat Sundar Bwonekuthi da ke koyar da yara da harshen. Makarantun birnin Katmandu sun sa shi a manhajarsu ta gida. A 2024 lardin Bagmati ya fara aiki da dokar da ta mayar da Nepal Bhasa da Tamang harsunan hukuma tare da Nepali. Rubutun Prachalit ya shiga tsarin haruffan kwamfuta na duniya a 2016, har ana iya aika saƙo da shi ta waya. A wata rumfa kusa da fada na tarar da samari da 'yan mata sun baje takardu, suna rubuta wa masu wucewa sunayensu da Ranjana, da alƙalamin gora mai faffaɗan baki irin wanda ake rubutun allo da shi. Wata budurwa ta rubuta nawa, ta yi ta fama da harafin farko. Na karɓi alƙalamin na rubuta mata nata da ajami, ta ɗauki hotonsa. Na lura kuma da cewa ita da ƙawayenta, tsakaninsu, Nepali suke yi da ɗan Turanci.

Asabar 2 ga Nuwamba ita ce ranar da na zo dominta. Shekarar 1145 ta kama a lissafin Nepal Sambat, wanda ya faro a 879. Labarin da ake bayarwa shi ne wani ɗan kasuwa, Sankhadhar Sakhwa, ya sayi yashin da aka ɗebo daga kogi a wata sa'a ta musamman, yashin ya rikiɗe zinariya, shi kuma ya biya wa duk mutanen kwarin bashin da ke kansu, aka fara ƙirga sabon zamani daga ranar. Ko yashi ya zama zinariya ko bai zama ba, na ji daɗin mutanen da suka ɗaura kalandarsu a kan ranar da talaka ya fita bashi. A 1999 gwamnati ta sa shi cikin gwarzayen ƙasa.

Tun hantsi tituna suka cika. Mata sanye da haku patasi, baƙin zane mai jan baki, maza da ganguna dhimay a rataye, kuge na amsawa, samari a kan babura da jajayen tutoci. Kowa na cewa Nhu Daya Bhintuna, barka da sabuwar shekara. A wani ƙyalle na ga an rubuta maganar mawaƙi Siddhidas Mahaju, bhasa mwasa jati mwai, wato in harshe na raye al'umma na raye. 'Yar abokina na gaba-gaba cikin baƙin zanenta, tana ɗaga murya fiye da kowa.

Da dare aka yi Mha Puja, hidimar da kowa ke yi wa kansa. An share hawa na uku, aka zana wa kowane ɗan gida da'ira a ƙasa da garin launi da furanni da hatsi, daga babba zuwa ƙarami, har da ta tsintsiya da ta tulu da ta faifai. Ni na nemi a bar ni in zauna a gefe in yi kallo, ba wanda ya matsa mini. Aji ce ta bi su ɗaya bayan ɗaya, tana miƙa wa kowa doguwar lagwani mai ci da wuta, da ƙwai da kifi da 'ya'yan itace, tana zuba musu furanni da shinkafa a ka, tana faɗin kalmomin da ita kaɗai ta haddace. Surukarta na biye da ita da waya, tana ɗaukar muryar. Ni kuma aka kawo mini yomari, tuwon shinkafa mai tsini da aka cusa wa mazarƙwaila da riɗi aka turara, duk da ba lokacinsa ba ne.

Bayan an watse muka hau rufi ni da abokina, fitilun biki sun cika kwarin. Na tambaye shi kai tsaye, irin tambayar da sai wanda kuka raba ɗaki: me ya sa ba ya yi wa 'yarsa harshen? Ya ce da aka haife ta shi da matarsa sun yi shawara. Sun ce su fara mata da Nepali don kada lafazinta ya karkace a yi mata abin da aka yi masa, Turanci kuma makaranta za ta ba ta, na gida kuwa ai yana nan, za ta tsince shi. Ta tsince shi da kunne, bakin ne bai buɗe ba. Ya ce yanzu in ya gwada yi mata sai su duka biyu su ji kamar wasan kwaikwayo suke yi. Ya san alƙaluman kamar sunansa: a farkon shekarun 1950 kashi 75 cikin ɗari na mutanen kwarin ke magana da harshen, zuwa 1991 sun koma 44. A ƙidayar 2021 Newar sun kai kimanin miliyan 1.3, waɗanda suka ce shi ne harshen uwarsu kuwa wajen 860,000. Ya ce 'yarsa na cikin waɗanda aka ƙirga, don shi ya cike takardar.

Na buɗe baki zan yi masa wa'azi, sai na tuna laifi tudu ne. Kakata ta wajen uwa Bafulatana ce, da Fillanci take mafarki. Mahaifiyata tana ji ba ta mayarwa. Ni kuwa ban wuce jam da kosam ba. Ba sarkin da ya ci mu da yaƙi a kan haka, ba kotun da ta hana. Hausa ce ta fi sauƙi a kasuwa da makaranta da rediyo, kowa ya bi. Na zo ƙasar nan ina jin kaina ɗan'uwan mai ƙaramin harshe, saboda yadda Turanci ke matse mu, ashe a gida harshen da nake alfahari da shi shi ne Nepalin wasu. A ƙasar Bauchi ma akwai harsuna irin na Ajawa da suka narke cikin Hausa ƙurmus. Na gaya masa haka. Ya yi dariya ya ce to ai mun yi kunnen doki.

Ranar tafiyata abokina ya fita neman mota, aka bar ni da Aji da yarinyar a madafa. Aji ba ta jin Turanci, Nepalinta ma na kasuwa ne, ga shi tana da tambayoyi. Yarinyar ta fara mayar mata da amsoshina da Nepali, tsohuwar ta kama kunnenta ta ce ba ta ji ba. Ko da gaske ne ko dabara, Allah masani. Yarinyar ta yi jim, ta dube ni, sannan ta fara harhaɗa kalmomin da Nepal Bhasa, tana tuntuɓe, kakar na gyara mata ba tare da ta ɗaga kai daga tukunya ba. Ta tambayi 'ya'yana nawa, me muke nomawa, ko ana sanyi a garinmu. Da ta ji labarin kakata sai ta nuna tulu ta ce yaya ake kiran abin da ke ciki a harshenta. Na ce ndiyam, na yi mamakin inda kalmar ta fito. Ta maimaita, ta gyaɗa kai. Sai ta nuna murhu. Na yi ta lalube, ban samu komai ba. Ta ce wa jikarta ta gaya mini in tambayo.

Na fita ta ƙofar a sunkuye, wannan karon ba wanda ya tuna mini.

A Doha ina da jiran awa shida. Na kira ƙanwar mahaifiyata a Gombe, ita kaɗai ta rage a ɗakinsu. Bayan gaisuwa na ce, Inna, yaya ake ce wa wuta da Fillanci? Ta yi shiru, sannan ta ce, yiite. Ta ce lafiya dai ko? Na ce lafiya lau, wata tsohuwa ce ta aiko ni. Ta ce to in na iso in zo da littafi, don ba za ta riƙa ƙona mini kati a kan kalma ɗai-ɗai ba.